Abin da Ke Cikin Wayar Babanku

Dauda da Rifkatu, ni ce uwarku Ladi nake magana, Malama Asabe maƙwabciyata take rubutawa. Kun san ban shiga aji ba, ko sunana ba na ganewa a takarda sai an nuna min da yatsa. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara min baki, in kuka ya zo min ta ajiye biro ta jira ni. Wancan makon mun gama maganar tasowarmu daga ƙauye da yadda muka samu wannan fili a Yelwa, tun ana noman gyaɗa a inda ɗakunan hayar ɗalibai suke yanzu. Yau zan shiga maganar da nake ta kewayewa. Shekara uku ke nan kuna tambayata waƙoƙin babanku, ina ce muku wayar ta lalace. Wayar ba ta lalace ba. Tana cikin kwalla a ƙarƙashin gadona, naɗe a ɗankwali, lafiyarta ƙalau. Ƙarya na yi muku, kuma kafin ku, shi na fara yi wa.

Babanku tela ne, da ɗinki muka ci muka sha, amma kowa a unguwar nan ya san gita ce ta riƙe ransa. Na same shi da ita, ban kuma taɓa neman raba su ba. Baƙin akwatin nan da yake jona gitar a jikinsa don sautinta ya fito, wanda masu ilimi suke kira amfilifaya, ya saye shi na hannu wajen wani ɗan Ibo mai gyaran rediyo a kasuwar Wunti, tun kai Dauda kana goye. Tsayinsa bai wuce gwiwata ba, gabansa raga ce, kusurwa ɗaya ɓera ya taɓa ci. Shi ya raɗa wa akwatin suna Goggo, wai don in aka kunna ta ba ta fara magana sai ta yi gunaguni tukuna, kamar ƙanwar ubansa da ta rene shi. Kun tuna yadda yake ɗaga muku hannu in kun matsa masa ya fara kiɗa.

"Ku bari Goggo ta gama mita. Ba a katse babba."

Shekara da shekaru yana ɗaure ta da roba a bayan kekensa, ya kai ta coci kowace Lahadi. Daga baya samari suka zo da kibod da manyan lasifikoki masu girgiza benci, aka matsar da kujerarsa baya, aka ƙara matsarwa, har ran nan ya dawo gida da Goggo bai sake fita da ita ba. Bai yi ƙorafi ba. Sai ciwon suga ya shigo, ya fara da idanu. Kafar allura ta ɓace masa, keken ɗinki ya zama wurin ɗora kwanuka. Bayan idanu ya gangaro yatsu. Ya ce min ji yake kamar an sa masa safar hannu, yana taɓa tsirkiya amma sai da kunne yake sanin ya taɓa. Wannan ne ya tsorata shi fiye da makanta, domin yana da waƙoƙi tara nasa na kansa waɗanda bai taɓa kaiwa coci ba, a tsakar gidan nan kawai yake yin su in ya taso daga shago. Babu wanda ya rubuta su, babu wanda ya koya. Akwai ta mahaifiyarsa, akwai ta shekarar da ruwa ya cinye mana katanga, akwai wadda ya yi min tun yana zuwa zance, wadda take ba ku dariya. Akwai kuma ta Hannatu, 'yar'uwarku da ke tsakaninku, wadda ƙyanda ta ɗauke kafin ta yi tafiya. Ita wannan, a lokacin ko ni ban taɓa jin ta daga farko har ƙarshe ba. Yakan fara, in ya ji motsina sai ya karkata ta zuwa wata.

Kirsimetin shekarar, ke Rifkatu kika zo daga Jos da tsohuwar wayarki, kika ce za ki bar mana. Da ya gaya miki abin da ke damunsa, kika ce ai akwai studiyo a garin nan, ki kai shi gobe.

"Studiyo? In je yaron da na sha sunansa ya rufe min kunne da kwano, yana ce min Baba sake, Baba sake? A ɗakin nan aka haifi waƙoƙin, a nan za a ɗauke su."

"Baba, waya ce kawai fa a hannuna. Ko makirfo babu."

"Tana da kunne?"

"Tana da shi."

"To Goggo tana da baki. Me ya rage?"

Kwana biyu kuka yi kuna gwaji, ni ina shiga ina fita da abinci, ina kallonku. Na faɗi wannan dalla-dalla ne saboda kai Dauda, ba ka nan, ka san ba da wasa aka yi abin ba. Da farko an ɗora wayar a tebur can gefe, da aka kunna sai ka ce a cikin rijiya yake kiɗa, domin rufin kwano da bangon siminti suna ta maido da sautin. Aka manna ta a tsakiyar ragar, sai ya fito da kaifi kamar ana kankare gindin tukunya. Babanku ya toshe kunne.

"Ba a tsaya wa Goggo a tsakiyar baki, za ta tofa miki yawu. Matsa gefe."

Ya lalubi ragar da yatsa har ya gano da'irar lasifikar da ke ciki, ya ce wannan tsakiyar ita ce cibiya, a sa wayar tsakanin cibiya da gefe. Ya sa aka ɗora Goggo a kan kujerar tsugunno, wai ƙasa tana kumbura mata murya. Wayar kuma aka kifa turmi, aka ninka tawul a kai, aka kwantar da ita gindinta yana kallon raga, domin nan kunnenta yake. Nisan da ya yi daidai, da aka auna, taƙina ɗaya ne cif. Nasa ya yi tsawo, naki kuma za ki tafi da shi Jos. Aka jingina katifa a taga, aka rataya bargo a ƙofa, zannuwana na zumuntar mata duka suka hau igiya a jikin bango. Firji sai an cire shi daga soket, fanka sai an kashe, in ba haka ba gunagunin Goggo ya fi kiɗan tashi. Abin murɗa ƙara kuma kika ɗiga masa jan farce a inda ba za a wuce ba, don in ya wuce nan muryar babanku tana nutsewa, wayar kuma ta riƙa tsatsagewa. Da kuka kunna gwajin ƙarshe ya saurare shi tas, sannan ya ce, "Yawwa. Wannan ni ne."

Ranar da za ki koma, mota tana jira a bakin titi, kika cire layin wayar don kada kira ya shigo, kika kira ni.

"Mama, ga jan ɗigon nan. Ki taɓa sau ɗaya ya fara. Ki sake taɓawa ya tsaya. In kun gama duka, ki taɓa wannan na gefensa, shi ke ajiyewa. Kin gane?"

"Na gane."

Na gane inda zan taɓa. Ban tambaye ki yadda zan san ta fara ko ta tsaya ba. Direba yana ta hon, kuma na ji nauyin in sa 'yar da na haifa ta maimaita min abu sau uku kamar ƙaramar yarinya. Ba laifinki ba ne, kada ki ɗauka.

Daga nan muka shiga jira. Abu uku muke nema su haɗu a rana ɗaya: wutar Nepa, da shirun unguwa, da yatsun babanku. In wuta ta zo, injin markaɗe na bayan gida ya tashi, ɗalibai kowa ya saki kiɗansa ta taga. In unguwa ta yi shiru, to babu wuta ne. In an dace da biyun, sai ya matsa hannunsa ya girgiza kai ya ce yau suna barci. Kullum da safe ina jiƙa masa hannu a ruwan ɗumi, in murza da man kaɗanya, yatsa bayan yatsa. Katifar ta zauna a taga har muka saba kwana a tabarma. Haka muka yi wajen wata biyu, har zafi ya fara shigowa.

Wata Talata ce. Ɗalibai sun tafi hutu, mai injin ya tafi biki ƙauyensu, wuta ta zo da hantsi. Ina cikin murza masa hannu sai ya kama yatsana ya matse.

"Ladi, yau sun farka. Rufe ƙofa."

Na cire firji, na kashe fanka, na saki bargo. Ɗakin ya yi duhu-duhu, ya yi zafi kamar tanda. Ya kunna Goggo ta fara mitarta. Na ɗauko wayar, sai na ga man kaɗanyar hannuna ya ɓata mata fuska. Kun san ni, ko kwano mai tsabta ne sai na goge kafin in zuba wa mutum abinci. Na kama bakin zanena na goge ta tas. Ina gogewa na ga wasu ƙananan lambobi sun fara gudu a jikinta kamar tururuwa. Ban kawo komai a raina ba. Na kwantar da ita a kan turmi, na auna taƙina, na ce na shirya.

"Danna."

Na danna jan ɗigon. Lambobin suka tsaya cak. Raina ya yi daɗi. Ni a iya sanina, tun ina yarinya, mai sauraro natsuwa yake yi. In babba zai yi magana a ƙauyenmu, yara su daina guje-guje. In fasto ya hau bagadi, kowa ya daina motsi. To da na ga ta bar gudu ta tsaya wuri ɗaya, sai na ce ta ba shi kunnenta ke nan.

"Ta natsu, Baban Dauda. Fara."

Ya fara. 'Ya'yana, ban taɓa jin ya yi kiɗa kamar na ranar ba, ko lokacin ƙuruciyarsa. Ba sauri, ba nuna gwaninta. Gumi yana bin gemunsa yana ɗiga a kan gitar, idanunsa da ba sa gani a buɗe suna kallon zannuwana. In ya kai ƙarshen waƙa sai ya bar tsirkiya ta gama kukanta har ta mutu, sannan ya ce, "Tsayar." In danna, lambobin su ci gaba da gudu, in ce a raina an tashe su daga aji, bari su sha iska. Ya huta, ya sha ruwa, mu ɗan yi hira, sannan ya ce danna, in danna, su tsaya. Haka muka yi har sau tara. Ta Hannatu ya bari ƙarshe. Ya yi ta tun daga farko har ƙarshe, ina zaune kusa da gwiwarsa. Na cusa bakin zane a bakina na cije, don kada kukana ya shiga ya ɓata masa aiki. Har haƙorina ya huda zanen.

Da muka gama na taɓa na gefen kamar yadda aka nuna min. Na ce ko in kira Malama ta kunna masa ya ji.

"A'a. In na ji zan tsinci kuskure, in na tsinta zan so in sake, hannun nan kuwa ba shi da na biyu. Ajiye wa yara."

Da yamma ya sa na kira ku ɗaya bayan ɗaya a ƙaramar wayata. Kun tuna muryarsa. Ya ce an gama, tara cif, suna wajen uwarku. Ranar malmala biyu ya ci, har ya nemi ƙarin miya.

Ranar Asabar ya tashi hannun hagu ya ƙi ɗaga kofi, bakinsa ya ɗan karkace. A asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Bayan an sallamo mu, wata rana da la'asar yana barci, kewar kiɗan ta kama ni, na ɗauki wayar na zaga gidan Malama Asabe. Ga ta nan zaune, ita ce shaidata. Ta kunna. Muka ji kwasar-kwasar ɗin zane, muka ji muryata ina cewa na shirya, muka ji ya ce danna. Sai kawai muka ji yana haki yana cewa in ba shi ruwa. Malama ta ja gaba. Hira. Ta ƙara ja. Tari, da hira, da gunagunin Goggo. Ta ja har ƙarshe, ta dawo farko, ta sake bi. Sannan ta cire tabarau ta dube ni.

"Maman Dauda, da yana kiɗan, lambobin nan gudu suke ko a tsaye suke?"

"A tsaye mana. Ai na lura sosai. Ko sau ɗaya ba su motsa ba."

"Innalillahi. Maman Dauda, in suna gudu, lokacin ne take ɗauka."

"To in sun tsaya fa?"

"Ta tsaya ke nan."

Gogewar da na yi da zane ita ta tashe ta tun kafin lokaci. Daga nan duk abin da na yi a juye na yi shi. Duk sanda ya ce danna, rufe mata kunne nake yi, duk sanda ya ce tsayar, sai in buɗe. Waƙa tara, ko ɗaya ba ta shiga ba. Na zauna a tabarmar Malama. Ita ta ce in je in gaya masa tun yau, gaskiya ba ta kwana. Na tashi da niyyar haka, Allah ne shaida. Na shiga ɗaki na tarar ya farka, ya ji tafiyata.

"Ladi, kin adana wayar nan?"

"Tana nan."

Sai ya yi dariya da rabin bakinsa, ya ɗaga hannun dama ya nuna na hagun da ke kwance a kan cikinsa.

"Kin ga wannan? Ciwon ya zo kamawa ya tarar na riga shi. Da kwana huɗu na riga shi."

Maganar tana kan harshena. Na dubi fuskarsa, tun da aka kwantar da shi ban ga haske a cikinta ba sai lokacin. Na ce, "Ka riga shi, Baban Dauda." Na fita na shiga kicin na hura wutar da ba na bukata, don hayaƙi ya zama dalilin idona.

Wata biyar ya yi bayan nan. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ba shi labari. Fasto ya zo, ya gaya masa. Abokansa teloli suka zo daga Gwallaga, ya gaya musu yadda ake kifa turmi da yadda ake auna taƙi, ya ce duk mai son ya ɗauki kiɗa a gida ya zo matarsa ta koya masa, injiniya ce. Su yi dariya su dube ni, ni ma in yi. Ga abin da ya fi ci min rai, kuma ba zan ɓoye shi ba. A makonnin farko harshensa bai gama nauyi ba. Da na faɗa masa, da zai yi baƙin ciki, ƙila ya yi kwana biyu bai yi min magana ba, amma da ya rera su da baki, da an samu wani cikin samarin coci ya zauna kusa da shi ya kama su a gita. Da ba su zama kamar na ranar Talata ba, amma da suna nan. Kullum sai in ce gobe, in ya ɗan ƙara ƙarfi. Ina ta gobe har harshen ya tafi. Kuskuren farko na rashin sani ne. Na biyu da idona a buɗe na yi shi, kuma shi ne ya kashe waƙoƙin.

Ranar jana'iza kai Dauda ka zo ka durƙusa kusa da ni ka ce in kawo wayar a sa wa mutane ko ɗaya su ji. Tsakar gida cike, an riga an jona lasifika. Na ce ta ƙi kunnuwa. Ke Rifkatu kika ce in ba ki ki kai wa mai gyara, na ce na riga na ba wani. Da kuka tambayi wane ne, na ce na manta shagon. Ƙarya ɗaya ta haifi 'ya'ya har na rasa sunayensu. Ban manta abin da ka ce min a waya ba bayan shekara guda, Dauda.

"Mama, ubanmu ne fa. Ba naki ke kaɗai ba ne."

Tun daga nan kiranka ya koma gaisuwa, ina kwana, ya jiki, sai an jima. Kirsimeti biyu ba ka kawo min yara ba. Rifkatu tana zuwa, amma ta daina shiga ɗakin, a tsakar gida take zama da jakarta a cinya. Ban ga laifinku ba. Gidan ya yi min girma. Ina dafa gwangwani ɗaya na shinkafa ya kwana. Goggo tana nan a kan kujerarta, na rufe ta da zane, ban sake kunna ta ba, domin in ta gama mita babu mai amsa mata.

Yanzu bari in gaya muku abin da ke cikin wayar, domin ba fanko ba ce. Malama ta koya min inda zan taɓa in ji, wannan karon na sa ta maimaita har sau biyar. In na gama shara da safe nakan rufe ƙofa in kunna. Tsawonsa bai kai wa'azin Lahadi ba. Akwai inda yake gyara tsirkiya, ƙwaya uku ko huɗu na sauti, shi ne duk kiɗan da ya rage a duniya na babanku. Akwai inda ya ce ruwan da na ba shi ya yi ɗumi, na ce firjin da ka sa na cire ne zai sanyaya shi? Akwai inda yake tsokanata bayan waƙar zance.

"Har yanzu kina sunkuyar da kai in na yi ta?"

"Wa ya ce maka na sunkuyar? Kana gani ne?"

"Ina jin ƙarar wuyanki."

Akwai inda aka kira azahar a masallacin su Malama, muka yi shiru muna jira a gama, kana jin numfashinmu mu biyu. A cikin jiran nan ya yi maganarka, Dauda. Ya ce ranar da ya mare ka don ka tsinke masa tsirkiya, kana ɗan shekara bakwai, tun daga ranar ba ka sake taɓa gita ba, kuma shi ya jawo, da yanzu akwai wanda zai karɓa. Ya ce bai san yadda ake faɗa wa ɗa namiji irin wannan ba. Ke ma Rifkatu akwai taki, ba zan faɗa a takarda ba, da muryarsa ya kamata ki ji.

Sai na ƙarshe, bayan waƙar Hannatu. Na danna ina zaton na rufe, na saki kukan da na danne. Duk ya shiga. Ana jin sa yana ajiye gitar, ana jin kujera ta motsa. Ya matso kusa da ni. Shekarar da yarinyar ta rasu, mutane sun yi ta zuwa suna yi mana gaisuwa, amma ni da shi ba mu taɓa zama mun yi maganarta ba, ya shiga shago, na shiga kicin, shekaru suka wuce. Sai ga shi a cikin wayar yana cewa:

"Ladi, ban taɓa yi miki sannu ba a kan yarinyar nan."

Sai ya ƙara da cewa:

"Sannu, Ladi."

Malama ta ajiye biro, mun ɗan huta, mun dawo.

To ka ga, Dauda, maganarka ba ta faɗi ƙasa duka ba. Kunya ce ta fara sa ni ɓoyewa, kunyar a ce uwarku ta zubar da aikin ran ubanku saboda ba ta san tsayuwa da gudu ba. Amma daga baya akwai rowa a ciki. Na ji kamar wannan sannun tawa ce, in wani ya ji za ta ragu. Na riƙe ta, na riƙe har da naku da ke ciki, abin da ba ni da ikon riƙewa.

Waƙoƙin kuwa, na yi ta ƙoƙarin tattara su a kaina. Uku ina da su kusan duka. Ta katanga amshinta kawai ya rage min. Ta Hannatu sau ɗaya na ji ta, ina kuka, baiti biyu na kama. Muryata ba ta waƙa ba ce, kuma bana na lura wasu kalmomin sun fara zamewa, in na neme su da safe sai yamma su zo, wasu ba sa zuwa. Abin da ya rage zan rera muku, ku ɗauka da wayoyinku, ku da kuka san kanta.

Malama ta ce za ta iya tura muku abin da ke cikin wayar yanzu-yanzu, kafin ta rufe littafin nan ya isa Abuja da Jos. Na ce a'a. Ba zan kuma ba direban tasha wayar ya kawo muku ba. Ba na son ka ji maganar ubanka a cikin mota, Dauda, kana tsaye a go-sulo. Ku zo gida, ku biyu, rana ɗaya. A ɗakin za mu zauna, ni zan kunna da hannuna, in ya so in fita in ba ku wuri. Ban ce sai kun yafe min kafin ku taso ba. Ku zo da fushinku, akwai wurin zama.